Tsohon babur ya ƙi tashi ko yana ta ba ka wahala? Tambayoyi da amsoshi kan matsalar inji

Jama'a salamu alaikum. Waɗannan tambayoyin su ne dai kullum ake ta maimaitawa a wajen masu tsofaffin babura a nan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase zuwa Alabar, musamman samarin da suka gaji mashin ɗin baba ko na kawu, irin su Honda C70 da C90 da CD175 da CG125 na farko-farko, da Yamaha YB100 da Suzuki A100. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake saurin yanke wa mashinan nan hukunci, mutum ya tura shi gareji tun kafin a ɗora mai sifana an ce "masta, injin nan ya gama, sai dai a sauke", alhali sau da yawa abin da ke damunsa bai wuce aikin rabin awa ba. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya, na fara da masu sauƙi sannan na shiga cikin injin.

Ya ƙi tashi kwata-kwata, daga ina zan fara?

Abu uku inji yake so kafin ya tashi: wuta a fulogi, mai ya iso shi, sannan fistin ya matse iska da kyau. In ukun nan sun cika kuma wutar tana zuwa a lokacinta to dole ya tashi, ba shi da zaɓi. Ka bi su a haka, wuta, mai, matsi, saboda haka araharsu take, kar ka fara da na ƙarshe.

Amma kafin duk wannan ka duba abubuwan da mutum ke jin nauyin dubawa. Makulli a buɗe yake? Famfon mai na ƙasan tanki yana kan ON ko yara sun juya shi? Akwai ma fetur ɗin kuwa, ko ya sauka sai ka mayar da famfon kan RES, wato man ajiya? Hular fulogi tana zaune daram? Kar ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa ka, in ka buga kaman sau goma bai ko yi tari ba ka tsaya, ci gaba da bugawa jiƙa fulogi kawai yake yi da mai.

Ya ake duba ko akwai wuta?

Ka kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin kan inji nesa kaɗan da ramin da ya fito saboda tururin fetur, ka riƙe ta wajen robar sannan ka buga kik. A inuwa za ka yi, tsakar rana ba ka ganin komai. Wuta mai lafiya shuɗiya ce kuma kana jin ƙararta ƙas ƙas, in ja ce siririya ko tana zuwa tana ɗaukewa akwai matsala. Fara da sa sabon fulogi. In har yanzu shiru, ka murɗe hular ka cire ta daga waya, ka yanke bakin wayar kaɗan inda ya yi tsatsa, ka riƙe ta kusa da jikin inji ka sake bugawa. In wuta ta yi tsalle daga wayar to hular ce ta mutu. In ba ta yi ba sai ka sauka wajen tambayar kwantak da ta batir a ƙasa.

Na cire fulogi na gan shi baƙi ƙirin, me ke nan?

Ka taɓa shi da yatsa tukuna. In baƙin busasshe ne yana gogewa, mai ya yi wa iska yawa: ko cok a ja yake, ko matatar iska ta toshe, ko kafireta tana ambaliya. In baƙin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo to baƙin mai ne ke hawowa sama, wannan ka duba amsar hayaƙi. In kuma fari fat ne ya ƙone, wannan ya fi baƙin haɗari don inji na yunwar mai ne yana ɗaukar zafi, kuma irinsa ne ke huda fistin. Wanda ake so shi ne ruwan ƙasa mai haske.

Tsakanin bakin fulogi a yawancinsu 0.6 zuwa 0.7 ne na milimita. C70 yana cin NGK C7HSA, CG125 kuma D8EA. Ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana, kan injin alminiyom ne, in ka ci zaren ka jawo wa kanka aikin da ba ka shirya ba.

Wuta akwai, mai akwai a tanki, amma shiru. Sai me?

Mai a tanki daban, mai a kafireta daban. A ƙasan kwanon kafireta akwai ɗan sukuru na zubar da mai, ka sassauta shi ka tara kwalba mai haske. In bai zubo ba to hanya ta toshe tun daga famfo ko tiyo ko allurar da ke tare mai. In ya zubo ka ɗaga kwalbar ka duba ƙasanta, ruwa yana kwanciya ƙarƙashin fetur kana ganin layinsa ƙarara, tsatsa kuma jan gari ne. Tankin da ya shekara 40 da wuya ka same shi ba tsatsa a ciki, kuma da damina in ka saba barinsa rabi, raɓa tana taruwa a bangonsa ta gangara ƙasa. Ka wanke tankin, ka sa ƙaramar matatar mai a kan tiyo, ka daina sayen fetur ɗin galan wanda ba ka san inda ya kwana ba. Mashin da ya yi watanni a ajiye kuma man cikinsa ya riga ya lalace, warinsa ma ya canza, zubar da shi za ka yi.

Zan iya wanke kafireta da kaina?

Ƙwarai kuwa, kuma na fi son ka koya. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire don ƙananan kayan cikinta in suka faɗi a ƙasa sun tafi ke nan. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. Jet biyu ne za ka samu, babba na gudu da ƙarami na silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a ja totur ba, ƙaramin shi ne mai yawan toshewa saboda raminsa da kyar ake ganinsa. Ka ɗaga shi sama wajen haske, in ba ka ga ɗigon haske zagayayye ba to a toshe yake. Ka jiƙa shi, ka hura da iska, in ya ƙi ka zare silin waya ɗaya mai laushi na tagulla daga tsohuwar wayar wuta ka bi da shi a hankali. Don Allah ban da allura, ban da ƙusa, tagullar jet tana da laushi, da ka faɗaɗa ramin shi ke nan mashin ya koma mashayin mai har abada.

Ka girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Ka duba bakin allurarsa, in ya yi zobe inda yake zama shi ke sa mai zuba ta tiyon ƙasa in ka faka. Wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sukurorin mashinan Japan na da kansu ya ɗan bambanta da na sukudireba mai tauraro da ake sayarwa ko'ina, wasu za ka ga ɗan ɗigo a kansu, shi ya sa suke saurin cinyewa. Ka danna da ƙarfi sosai kafin ka juya, ko ka nemi sukudireban da ake bugawa da guduma.

Yana tashi lafiya amma in na yi tafiya kaɗan sai ya mutu, in ya huta ya sake tashi

Da ya mutu nan take ka buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska fuu, kuma mashin ya tashi bayan nan, to ɗan ramin numfashi na murfin ne ya toshe, mai ba ya sauka in iska ba ta shiga. Kyauta ake gyara wannan. In ba shi ba ne, kar ka jira ya huce, da zafinsa ka cire fulogi ka duba wuta kaman yadda na faɗa a sama. Kwandansa da kwayil in sun tsufa suna aiki da sanyi su ɗauke da zafi, in ka bari ya huce kafin ka kai gareji makanike zai ga wuta lafiya lau ya ce ba komai. In wuta tana nan da zafin ma to ka zargi bawul ya matse, duba amsar ƙarar inji.

Ba ya tsayawa a silo, sai na riƙe totur ko na bar cok a ja

Ƙaramin jet ne a toshe, ko kuma iska na shiga ta ɓarauniyar hanya tsakanin kafireta da inji, gasket ya fashe ko roba ta tsage. Alamar satar iska ita ce in ka ja totur ka saki sai ƙarar ta maƙale a sama ta daɗe kafin ta sauko. Bayan ka gyara waɗannan sai saiti: ka ɗaura sukurun iska a hankali har ya taɓa, ban da matsewa, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, ka bar inji ya yi zafi, sannan ka dinga juyawa kaɗan-kaɗan har ka sami inda ƙarar ta fi daɗi, daga nan ka rage da sukurun silo.

Da hunturu kuma ka dinga duba matatar iska a kai a kai, ƙurar Disamba da Janairu ba ta da wasa. Ta soso ana wanke ta da kananzir a matse a ɗan shafa mata mai, ta takarda canzawa ake yi. Masu cire ta gaba ɗaya wai don mashin ya yi numfashi, ƙura suke ɗura wa ringi.

Menene kwantak, kuma ya ake saita tayimin?

Kafin zuwan CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ke ba fulogi wuta a mashinan yanzu, wasu ƴan ƙarafa biyu ne ke buɗewa da rufewa su ba da wuta a daidai lokaci, su ne kwantak. A C70 da tsohon CG125 suna bayan fulawil, faifan ƙarfen nan mai juyawa a gefen inji ta hagu, kana hango su ta tagar da ke jikinsa, a tsohon C90 kuma suna sama a gefen kan inji. Samarin makanikai da yawa yanzu sun tashi ne a kan Boxer da Haojue ba su taɓa saita kwantak ba, ba laifinsu ba ne, amma ka nemi dattijo ko ka koya da kanka.

Ka goge fuskarsu da takardar yashi mai laushi, sannan ka ja farar takarda tsakaninsu har ta fito ba datti, maiƙo ko kaɗan yana kashe wuta. In sun buɗe iyakar buɗewa tsakaninsu ya zama 0.3 zuwa 0.4 na milimita. A jikin fulawil akwai alama biyu, F da T, ta T tana nuna fistin ya kai can sama. Ta F ita ce ta wuta: ka juya fulawil a hankali ta inda inji ke juyawa, daidai lokacin da F ta zo kan alamar jikin inji a nan ake so kwantak su fara rabuwa. Ka maƙala siririyar takarda tsakaninsu kana ɗan ja, inda ta saki nan ne suka buɗe. In wuta ta yi gaba da yawa kik zai dinga dukan ƙafarka, in ta yi baya mashin ba ƙarfi ga zafi. In kuma ka ga fuskar kwantak ta ƙone ta yi rami-rami tana ta tartsatsi, canza kwandansa tare da su.

Batir ya mutu, shi ne ya hana shi tashi?

Ya danganta da mashin. C70 da CG125 na farko wutarsu daga maganeto take fitowa, suna tashi ko ba batir, sai dai in ka yi ta yawo a haka ƙwayayen fitila za su yi ta ƙonewa don batirin ne ke shanye rarar wuta. Amma tsohon C90 mai bolt 6 da CD175 daga batir suke ɗaukar wutar fulogi, in ya yi sanyi ba za su tashi da daɗi ba ko su ƙi gaba ɗaya. Cikakken batir mai 6 yana nuna wajen 6.3 a mita, mai 12 kuma wajen 12.6. Kar wani ya ce maka ka ɗora mai 12 a kan wayarin 6 don fitila ta ƙara haske. Ka kuma kankare inda wayar ƙasa ke ɗaure a jikin firam, tsatsar wajen kaɗai ta isa ta sa ka canza kwayil a banza.

Salansa na fitar da hayaƙi, injin ya mutu ke nan?

Duba kalarsa. Baƙi, mai ne ya yi yawa, maganar kafireta ce da matatar iska ba ta cikin inji ba. Fari siriri da sassafe wanda ke ɓacewa bayan ƴan mintoci, raɓa ce. Shuɗi mai wari shi ne baƙin mai ke ƙonewa. In da safe kawai yake yi ya daina, ko in ka saki totur a gangara, ta wajen bawul man ke zurarowa, aikin kan inji ne kawai. In kullum ne kuma yana ƙaruwa da ka ja totur to ringi ne, ka karanta tambaya ta ƙarshe. Kafin nan ma ka duba ko an cika baƙin mai ya wuce alama. YB100 da A100 kuwa ɗan shuɗin hayaƙi halinsu ne tunda su injinsu tare da fetur yake ƙona man.

Ina jin ƙara a cikin inji, wacce ce ta tsoro?

Tik tik tik siririya daga sama, tafet ne, wato ɗan giɓin da ke tsakanin bawul da hannun da ke danna shi, kuma gara ka ji ta kaɗan da a ce shiru. Mutane suna zuwa su ce "masta matse min shi ya yi shiru", makanike ya matse don ya faranta musu, daga nan bawul ya daina rufewa sosai in ya yi zafi, matsi ya gudu, a ƙarshe bakin bawul ɗin ya ƙone. Ana saita shi ne inji da sanyi, alamar T a kan layi, a zagayen da hannuwan bawul biyu duk suke motsi sako-sako. C70 da C90 0.05 ne na milimita, CG125 0.08, da ma'auni ake yi ba da kunne ba.

Ƙara kaman ana jan sarƙa a gefen hagu a C70 ko C90, sarƙar tayimin ce ta saki ko robar da take bi ta cinye. CG125 ba shi da wannan sarƙar, sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, da gangan Honda ta yi shi haka a 1975 bayan ta ga yadda ake wahalar da mashina a ƙasashe irin namu ba a canza mai a kan lokaci. Wadda za ka kashe inji nan take ita ce ƙwal ƙwal mai nauyi daga ƙasa wadda ke ƙaruwa in ka ɗora mai kaya, wannan kwanrod ne, sandar da ke haɗa fistin da ƙasan inji, in ka ci gaba inji zai buga.

Wane baƙin mai zan sa, kuma yaushe zan canza?

Na babur, 20W-50 ya dace da zafinmu da tsohon inji, ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robar. Kuloci a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota na zamani suna sa shi santsi, ka ja totur ƙara ta hau gudu bai ƙaru ba. Man da ake aunawa daga durom ba suna ba hatimi ka bar shi. Yawancin injinan nan abin da suke ɗauka lita ɗaya ce ko ƙasa da haka, man yana shan wuya ga go-silon Kejetia da Suame, ni shawarata kar ka wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, kuma ka dinga duba sandar awo duk sati.

Injinan nan ba su da matatar baƙin mai ta takarda irin ta mota, raga ce da wani ɗan kwano mai juyawa a cikin murfin dama wanda ke tara datti a bangonsa. Akwai mashinan da tun da aka sayo su ba a taɓa buɗe kwanon nan ba, in ka buɗe sai ka kankaro baƙin abu mai tauri da sukudireba. Ranar da za a taɓa kuloci ka ce a wanke shi.

Nawa YB100 ne, an ce in cire famfon man 2T in dinga haɗa man da fetur a tanki

In famfon yana aiki ka bar shi. Yamaha ta kawo wannan famfon mai suna Autolube tun 1964 kuma abu ne mai ƙarko, yawanci iska ce ta shiga tiyo bayan tankin man ya taɓa ƙarewa, ko wayarsa ta saki, a fitar da iskar a saita alama shi ke nan. In dole sai an cire, mililita 40 na man 2T a kowace lita ta fetur, a girgiza sosai, ban da baƙin man inji. Amma masu Suzuki ku kula, tsarin famfonsu mai suna CCI yana kai mai kai tsaye wajen boris ɗin kiranshaf, in aka cire famfo haɗin tanki ba lallai ya isa can yadda ya kamata ba. In kuma irin waɗannan mashinan sun rasa ƙarfi a hankali ba wani dalili, a duba bakin salansa da cikinta, baƙin gawayi yana toshe su.

Na shiga ruwa da shi ya mutu, ya zan yi?

Duk wanda ke zaune wajen Aboabo ya san yadda rafin ke yi in an kwana ana ruwa a watan Yuni. Abu na farko kar ka buga kik, in ruwa ya shiga saman fistin ba ya matsuwa, kwanrod ne zai lanƙwashe. Ka tura shi waje, ka cire fulogi, sannan ka buga kik a hankali ruwan ya fito ta ramin. Ka zubar da man kwanon kafireta, ka matse matatar iska, ka buɗe murfin fulawil ya bushe. Sai ka zaro sandar baƙin mai, in ka ga ya koma kalar koko to ruwa ya gauraya, a zubar a ranar, a sa sabo a ɗan tayar, a sake zubarwa. Kar ka ce sai gobe, boris suna fara tsatsa a dare ɗaya.

To yaushe ne da gaske sai an sauke inji, kuma ina zan sami kaya?

In wuta ta yi, mai ya yi, tafet an saita, amma kik yana tafiya sululu ba nauyi. Ka ce a auna da mita, totur a buɗe gaba ɗaya, in ya gaza 100 psi inji ya gaji. Sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in ya hau sosai ringi ne da bulok, in bai motsa ba bawul ne ko gasket ɗin kai, kuma wannan ba sai an taɓa ƙasan inji ba. Ka tsaya a yi gwajin nan a gabanka kafin ka yarda da kowane lissafi.

In borin ne, wato faɗaɗa ramin bulok, fistin yana zuwa mataki-mataki na milimita, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Asalin faɗin CG125 milimita 56.5 ne, na C70 kuma 47. Ka duba lambar da ke saman tsohon fistin ka hau mataki ɗaya kawai in zai share zanen, kar a tsallaka da kai zuwa na ƙarshe don shi ne a shago. Fistin ake fara saya a kai wa mai borin tare da bulok ya yanka daidai da shi. A Suame Magazine akwai masu injin borin da suka san aikinsu, ka tambayi dattawan masu babur wa suke kai wa. Kayan gyara kuwa mashinan China da yawa injin CG da na Cub, wato su C70 da C90, suka kwafa, don haka gasket da bawul da farantan kuloci sukan shiga, amma ka tafi da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe, kaurin fil ɗin fistin ma yakan bambanta. Abin da ba ka samu a nan ba ka sa a duba maka a Abossey Okai a Accra. Tsohuwar kafiretarka ta asali kuma ko an sa maka sabuwa ka karɓi abarka ka ajiye.

Bayan an haɗa, kilomita 500 na farko ka bi shi a hankali, ban da ɗaukar mutum biyu a hawa, ban da riƙe totur a wuri ɗaya na dogon lokaci, sannan ka zubar da man, a sake ɗaure notunan kai da sanyi, a sake auna tafet.